Yadda zaka haɗa gajeren fim da labarinka ba sai ka jira furodusa ba

In kai marubuci ne kana ta yawo da labari a waya kana jiran wani furodusa a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, ya kira ka, to ɗan'uwa zaka daɗe, gara ka fara da abinda ke hannunka.

Da farko rubuta labarin da aljihunka zai iya ɗauka. Mutum biyu ko uku, wuri ɗaya, zaure ko shagon abokinka. Kar ka rubuta biki da jerin motoci alhali ko kuɗin mai baka da shi. Shafi ɗaya na sikirif, wato rubutun fim, kusan minti ɗaya ne a allo, kenan shafi biyar zuwa bakwai sun isheka.

Sai sauti, nan yawancinmu muke shan ƙasa wallahi. Mai kallo zai haƙura da hoto in ya ɗan yi dishi-dishi amma da ya ji magana bata fita ya wuce abinsa. Ni na farkona a tsakar gidanmu muka ɗauka, hoto tas, ashe injin niƙan maƙota na ta ruri tun safe mu mun saba kunnenmu baya ji, sai da na zauna editin na ji ba'a gane komai, haka muka sake tara yaran fim ɗin ranar Asabar, ga kunya ga kuɗin abinci sau biyu. Ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a kwala, ka sa iyafis kana saurare lokacin ɗauka, kuma ka lura da lokacin kiran sallah.

Haske kuwa na Allah ya wadatar, da safe ko bayan la'asar. Ka riƙe wayar a kwance lokacin ɗauka in YouTube zaka kai, manhajar editin ta CapCut zata maka haɗawa.

In a Kano kake ka leƙa hukumar tace finafinai ka ji ƙa'ida kafin ka saki, tun 2001 take nan kuma bata wasa.

Kuɗin YouTube kar ka sa rai da wuri, sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12 kafin su fara baka kason talla. Kafin nan rubutun ne zai riƙe ka, ka rubutawa wasu sikirif ko ka sayar da littafi a guruf ɗin WhatsApp. Amma duk mai karɓar labarinka ku yi a rubuce, nawa ne, yaushe zai biya, kuma sunanka ya fito a allo.