Shuka Furen Zinniya a Bayan Gida Kafin Damina

Da farko a zaɓi wurin da ke samun rana awa 6, domin a inuwa zinniya siririya take tashi, furenta kaɗan.

A kafce ƙasa zurfin santimita 20, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin shanu. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Sai a binne iri rabin santimita kacal. Wanda ya nutse sosai ba ya fitowa. Wanda aka binne daidai, cikin kwana 7 zai tsiro.

A rage tsiron, a bar tazarar santimita 25. Ban ruwa da sassafe, kuma a gindi, saboda jiƙaƙƙen ganye fumfuna yake yi.

Idan zinniyar ta kai tsayin santimita 20, a tsinke kanta ta yi rassa. Wannan matakin yana yawaita fure. A riƙa cire furannin da suka bushe.