Yadda za ki hana yashin mage watsuwa a cikin gida

Duk wadda ta ajiye mage a cikin ɗaki ta san abin da nake nufi, ki tashi da asuba ba takalmi ki taka tayil ki ji ƙurus-ƙurus a tafin ƙafa, ki duba kan kujera yashi, kan gado yashi, wani lokacin har kan sallaya, kuma wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai don abin da ya fito daga wurin kashi da fitsari ba shi ne za ki so ki ɗora goshi a kai ba. A gidanmu na da mai tsakar gida babu wannan maganar, kyanwa ta zagaya bayan ɗaki ta tona ta binne abinta. Yanzu da muke zaune a bene ko'ina tayil, dole sai an tanadar mata wuri.

Na daɗe ina shara safe da yamma kafin na gane ta hanya biyu yashin nan yake fita. Akwai wanda take watsowa waje lokacin da take tono da binnewa, akwai kuma wanda ke maƙalewa a tsakanin yatsunta ta yi ta kakkaɓe shi duk inda ta bi. In kika gyara ɗaya kika bar ɗaya, toh tsintsiya ba za ta huta ba.

Ki fara da mazubin. Ɗan faffaɗan tiren nan da ake sayarwa a shagon kayan dabbobi kyau kawai gare shi, bangonsa bai kai tafin hannu ba, tono biyu ta yi rabin yashin yana ƙasa. Ki je wajen masu robobi ki sayi babbar robar ajiye kaya mai zurfi, wadda bangonta ya kai santimita 30 zuwa 40. Tsawonta kuma ya kai tsawon magen sau ɗaya da rabi, daga hanci zuwa gindin wutsiya, saboda ta samu ta juya a ciki ba tare da ta ɗora ƙafa a baki ba. Sai ki yanke mata ƙofa a gefe ɗaya, ki bar kamar santimita 12 zuwa 15 daga ƙasa, ki goge bakin yankan da samfefa kar ya yanke ta. In 'yar ƙarama ce ko tsohuwa da ƙafa ta fara yi wa nauyi, ki sauko da ƙofar ƙasa sosai. Murfin kuwa ni ban sa shi, da zafin nan namu wari yake tarawa, kuma mage in wuri ya dame ta da wari ba ta shawara da kowa, bayan labule za ta koma.

Sai yawan yashin. Da ina cika shi fal wai don ya daɗe, ashe ni ke ba ta abin watsawa. Zurfin yatsa uku zuwa huɗu ya isa, wato santimita 5 zuwa 7.

Na uku irin yashin, kuma nan ne aljihu ke shigowa. Da yawanmu yashin gini muke ɗebowa don shi ne na banza, ba laifi, amma ki guji rairayi mai laushi, shi ne ke bin ƙafa musamman in ya jiƙe. Ki nemi mai ɗan tsakuwa-tsakuwa daga wurin da dabbobi ba sa bahaya, ki shanya shi a rana ya bushe ƙarau. Garin katako kuwa kar ma ki fara, fanka na juyawa ko iskar hunturu ta shigo zai cika falo. A na kanti akwai na yumɓun bentonite wanda ke dunƙulewa in fitsari ya taɓa shi, yana da sauƙin kwashewa amma mai ƙananan ƙwayoyi yana bin ƙafa, ki zaɓi mai manyan ƙwayoyi. Akwai kuma na katako da aka matse kamar abincin kifi, wannan ba ya maƙalewa a yatsu, sai dai in ya jiƙe yana komawa gari, dole ki riƙa tankaɗe garin kina zubarwa. Duk wanda za ki koma, kar ki sauya rana ɗaya, ki riƙa garwaya sabon da tsohon kaɗan-kaɗan har mako guda.

Yanzu maganar ƙafa. Ki shimfiɗa abin taka ƙafa a bakin ƙofar robar, ko irin mai hawa biyu mai huji-huji da yashi ke faɗawa ciki, ko kawai ciyawar robar nan ta bakin ƙofa. Abin lura shi ne girmansa, ya kai ta yi taku uku ko huɗu a kai. Tawa wallahi kamar da gayya, tana gamawa sai ta yi wuf ta tsallake shi kamar an biyo ta, sai da na kai robar kusurwa na juya ƙofar tana kallon bango na bar ɗan lungu, yanzu ba ta da hanyar fita sai ta kan shimfiɗar. Wurin ya zama nesa da fanka, nesa da kwanon abincinta, kuma ba kusa da janareta ko injin wanki ba, don ƙara ce ke sa ta fito a guje. Masu mage irin ta Fashiyan (Persian) da sauran maguna masu dogon gashi, ku riƙa rage gashin da ke tsakanin yatsun da ƙaramin almakashi mara tsini, a hankali, lokacin da take kwance tana gyangyaɗi.

Kullum ki kwashe kashin da dunƙulen fitsarin, sau biyu ma in da hali, don in wurin ya ƙazantu tono take ƙarawa tana neman inda ba ta ɓata ba. Ki aje ƙaramar tsintsiya da faka a gefe na wurin kaɗai. Ki share kafin ki yi mofin, bentonite in ya sha ruwa taɓo yake zama ya manne a tayil, kuma kar ki zuba shi a masai, toshe bututu yake, ki ƙulle a leda ki kai shara. Wankin robar sabulu da ruwan zafi ya wadatar, ban da Dettol ko Izal, suna cutar da mage in ta taka ta lashe. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin saboda cutar toksoplasma da ake iya samu a kashin mage, in kuma ba kowa ta sa safar hannu ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama.

In mage biyu gare ki, roba uku ake ajewa, ko aƙalla kowacce da tata. Sannan in kika ga yashin ya fara watsuwa fiye da da, tana shiga tana fita tana tono amma ba fitsari ko sai ɗigo-ɗigo, musamman muzuru, wannan ba aikin tsintsiya ba ne, mafitsara ce ke iya toshewa, ki kai shi wajen likitan dabbobi a ranar.