Darasi na 7: Gudu a Zafin Legas

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya san zafi. A can, idan bazara ta kama, ma'aunin zafi yana wuce 40. A Legas kuwa yawanci 32 ne ko 33, ko a Fabrairu da Maris da rana ta fi ƙuna. Shi ya sa ɗan Arewa da ya sauka a Agege ko Mile 12 yakan ce, "Wannan ai ba zafi ba ne." Sai ya fita gudu da hantsi, bai yi nisa ba jiri ya kama shi.

Ku tuna da randa. Ruwanta yana yin sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Jikin mutum ma haka yake. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. A Arewa iska busasshiya ce, kana gumi tana shanye shi. Iskar Legas kuwa ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, danshinta yakan wuce kashi 80 cikin 100. Duk mai shanya wanki a garin nan ya san haka. Sai gumi ya yi ta ɗiga ƙasa a banza, ruwa da gishirin jiki suna ƙarewa, zafin yana nan ciki, zuciya tana ta bugawa da sauri don ta kai jini ga fata.

Don haka a fita bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga. Ko babban tseren Legas na kilomita 42, wanda aka fara a 2016, da sassafe ake tayar da shi. Baƙo ya ba jikinsa kamar mako 2 ya saba: tafiya da sauri tukuna, sannan sassarfa.

Akwai ɗabi'ar da take damuna ƙwarai. Wasu samari suna saka rigar sanyi, har da ɗaura leda a ciki, wai don tumbi ya narke. Ruwa kawai suke zubarwa, kitsen yana nan, kuma suna toshe hanyar da jiki yake fitar da zafi. A saka riga mara nauyi, mai haske, wadda iska take ratsawa.

A sha ledar fiya wata guda kafin a fita, a riƙa kurɓa a hanya. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi duhu kamar shayi, ruwan jiki ya yi ƙasa. Wanda ya yi gumi sosai ya haɗa ruwa mai tsabta lita 1, wato leda 2, da sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki.

Wani ɗan aji ya tambaye ni, "Malam, yaya zan gane zafi ya fi ƙarfina?" Na ce masa, "Alhaji, da ka ji ciwon kai, ko tashin zuciya, ko jijiyar ƙafa ta ɗaure, ka tsaya ka nemi inuwa." Idan kuwa abokin gudunka ya fara tangaɗi, yana maganar da ba ta da kai, ko ya faɗi, rai ne a hannunka. A cire masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, a yi masa fifita, a kira 112. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Aikin aji: Kowa ya rubuta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ya karanta wa na kusa da shi.