Harajin Amurka ga ɗalibi mai iyali

Da zarar Fabrairu ta kama, sai ka ji sababbin ɗalibanmu a Amurka suna tambayar juna wace manhajar cike haraji ce ta fi dawo da kuɗi. Ba daga nan ake farawa ba. Abin da za ka fara sani shi ne, a wurin hukumar haraji ta IRS, mazauni ne kai ko baƙo? Wannan lissafin kwanaki ne. Mai bizar karatu ta F-1 baƙo ne har shekara biyar na kalanda, kuma ko kwana ɗaya ka yi cikin shekara, an ƙirga ta cikakkiya. Wanda ya sauka a Agustan 2021, biyar ɗinsa ta ƙare da 2025. Daga 2026 kwanakinsa ke shiga lissafi, idan suka kai 183 ya zama mazauni. Maiɗakinsa da ta biyo shi kan bizar iyali ta F-2 tana da nata lissafin, daga shekarar da ta iso.

Idan dukanku baƙi ne, ba ku da damar cike fom ɗaya tare. Mai albashi zai cike 1040-NR, fom ɗin harajin baƙi, ya zaɓi gurbin mai aure da ke cikewa shi kaɗai. Ko uwargida tana Kano ko Maraɗi, ko maigida ne aka bari a gida, kada a zaɓi gurbin marar aure. Auren da aka ɗaura a gida aure ne, kuma matsayinku a ranar 31 ga Disamba shi ake dubawa. Sannan kowa a gidan da ke kan F-1 ko F-2 sai ya aika fom 8843 nasa, ko bai samu sisi ba, har yara. Jaririn da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, ba ya ciki.

Inda 'yan'uwa suka fi faɗawa rami shi ne bin shawarar abokin karatu. Ɗalibin Indiya yana cin rangwamen da ake cire wa kowane mazauni kafin a lissafa haraji, saboda yarjejeniyar ƙasarsa da Amurka. Najeriya da Nijar da Gana ba su da irin wannan yarjejeniya, don haka abin da ya halatta gare shi bai halatta gare ka ba. Haka manhajar TurboTax: don mazauna aka yi ta. Za ta cike maka 1040, fom ɗin mazauna, ta haɗa ka da matarka, ta karɓo maka rangwamen kuɗin makaranta da takardar 1098-T, kuɗi su faɗo asusunka ka yi ta murna. Ba naka ba ne. Za a mayar da su da ƙarin ruwa, kuma takardun haraji na cikin abin da ake iya tambaya ranar neman zama na dindindin. Wanda ya riga ya yi haka ya gyara da 1040-X, ya haɗa da 1040-NR na daidai. Jami'o'i da yawa na ba da manhajar harajin baƙi, Sprintax ko Glacier, kyauta ta ofishin ɗalibai baƙi, amma sai ka ga mutum bai ko buɗe saƙon ba. Al'ummarmu an san ta da riƙon amana, bai kamata ganganci ya ɓata mana suna ba.

Lamarin yana sauyawa idan ɗayanku ya zama mazauni, ko ɗan ƙasa ne. A nan doka ta yarda ku zaɓi a ɗauki ɗayan ma a matsayin mazauni, ku cike 1040 tare, ku haɗa da takardar da kuka sa wa hannu ku biyu. Ribar ba ƙarama ba ce: a shekarar 2024 rangwamen ma'aurata dala 29,200 ne, na mai cikewa shi kaɗai 14,600. Amma ku yi shawara tukuna. Duk abin da kowannenku ya samu a duniya ya shigo lissafi, har kuɗin hayar gida a Kaduna ko albashin uwargida a gida. Kuma idan aka soke wannan zaɓi, ba a sake yin sa har abada. Mai F-2 ba ta da izinin aiki, ba ta da SSN, lambar da ake ba masu izinin aiki, sai a nema mata lambar haraji ta ITIN da fom W-7 haɗe da takardun harajin. Kada ku jefa fasfo a wasiƙa ya yi makonni ba ya hannunku; ku nemi wakilin da IRS ta amince ya tantance shi, ko ku je ofishinta da alƙawari.

Ku duba W-2, takardar albashi da harajin da aka cire, wadda ke zuwa kafin Janairu ta ƙare. Ɗalibi baƙo ba ya biyan kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsofaffi. Idan an cire, a fara neman sa wurin wanda ya ɗauke ka aiki, in ya ƙi sai fom 843 da 8316. Mai tallafin karatu ya jira takardar tallafin, 1042-S, wadda kan kai tsakiyar Maris, kafin ya aika komai. Wa'adin mai albashi 15 ga Afrilu ne, kuma harajin jiha daban yake da fom ɗinsa, sai dai a jihohi irin Texas da Florida da ba sa karɓa.