Kurakuran da ke hana mai jirin kunne samun sauƙi

A wajenmu, kafin mai jiri ya isa asibiti an riga an yanke masa hukunci. Wannan ya ce ƙarancin jini ne, a haɗa masa madara da Maltina, wancan ya ce hawan jini, wata ta ce taifot. Wasu daga ciki suna kawo jiri, gaskiya ne. Amma akwai wanda asalinsa can cikin kunne yake, inda ake da wasu 'yan bututu 3 masu ruwa a kowane ɓari, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk juyin da kai ya yi. In ɓari ɗaya ya samu matsala, saƙon hagu da na dama sai su saɓa, mutum ya ga ɗaki yana juyawa. Babban maganin irin wannan atisaye ne, kuma ba sabon abu ba ne: tun shekarun 1940 likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara motsin kai da ido ga masu wannan larura, bayan sun lura masu tashi su motsa sun fi masu kwanciya saurin farfaɗowa.

Kuskuren da ya fi cin mutane ke nan, kwanciya. Kwana biyu ko uku na farko, lokacin da amai ke zuwa, hutawa dole ce. Bayan nan sai ka ga mutum ya ƙame wuya, in an kira shi ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, 'yan gida kuma don tausayi sun hana shi ko ɗaukar buta. Tausayin ne ke cutar da shi. Sau da yawa jijiyar cikin kunnen da ta lalace ba ta komawa yadda take, ƙwaƙwalwa ce ke koyon aiki da abin da ya rage, kuma ba ta koyo sai ta ga saɓanin. Kai da ba ya motsi ba abin da zai koya mata.

Haka ƙwayoyin jiri irin su Stugeron da Stemetil. Suna da amfani a kwanakin farko, amma aikinsu kwantar da saƙon ne, wato suna rufe wa ƙwaƙwalwa darasin da ya kamata ta ɗauka. Wanda ya yi wata uku yana sayensu a kemis yana tsawaita ciwonsa da kuɗinsa. Ya koma wurin likita a duba yadda zai daina.

Sai waɗanda suka fara atisayen, da jiri ya taso suka ce ai ƙara musu ciwo yake. Jiri kaɗan alama ce cewa atisayen ya taɓa inda ake so. Ma'aunin shi ne ya lafa cikin kamar minti 15 zuwa 20 bayan ka tsaya. In ya kai ka ga amai ko ya wuni a kanka, ka yi yawa, sai ka rage gudu da tsawon lokaci, ba ka bari ba.

Bari in tsaya kan atisayen ido, don nan aka fi yin shirme. Za ka rubuta harafi ɗaya a takarda, ka manna a bango daidai idonka, ka kafe shi da ido, sannan ka riƙa juya kai hagu da dama kamar mai cewa a'a, daga baya sama da ƙasa. Mutane da yawa sai su bar kan a tsaye su riƙa juya ido kawai. Wannan bai isa ba, domin kunne ba ya jin motsin ido, motsin kai yake ji. Wasu kuma suna kaɗa kan da ƙarfi har harafin ya dushe. Gudun da ake so shi ne mafi sauri da harafin zai kasance tarwai. Minti ɗaya ko biyu, sau 3 zuwa 5 a rana, ya fi zama guda mai tsawo ranar Asabar. A fara a zaune, a koma tsaye, daga baya a yi ana tafiya.

Akwai kuma ba wa ciwo atisayen da ba nasa ba. Wanda jirinsa ke tasowa in ya juya a gado, ko ya ɗaga kai, ko ya yi ruku'u da sujada, ya ɗauke cikin ƙasa da minti ɗaya, yawanci wasu ƙananan tsakuwoyi ne na cikin kunne suka fice daga mazauninsu suka faɗa bututu. Wannan jujjuya kai yake buƙata a hannun wanda ya iya, irin hanyar da likitan Amurka John Epley ya wallafa a 1992, kuma sau da yawa zama ɗaya ko biyu ya wadatar. Kwaikwayo daga bidiyo ba tare da an gano kunnen da ke da matsalar ba ɓata lokaci ne. Likitan kunne ko likitan fisiyo, wato mai magani da motsa jiki, shi zai gwada ya faɗa.

Wasu da sun ji dama-dama a mako na biyu sai su ajiye. Mai matsalar ɓari ɗaya yakan buƙaci mako 4 zuwa 6, mai ɓari biyu ya fi haka. Su masu ɓari biyun, sau da yawa allurar jentamaisin ko sitireftomaisin ce sila, abin da ya sa allurar kemis ba da takardar likita ba take tayar min da hankali. Ba sa ganin ɗaki na juyawa, sai dai duniya ta riƙa rawa in suna tafiya, su yi ta tangaɗi cikin duhu. Atisayen ɗaki kaɗai ba zai ishe su ba. Sai sun taka yashi da katifa, sun shiga cunkoson kasuwa sannu a hankali, da wani a gefensu, da tocila in dare ya yi.

Jirin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko matsanancin ciwon kai, ko kasa tsayuwa sam, ko ɗaukewar ji, ba na atisaye ba ne. Yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari. A kai shi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.