Yadda Ake Zaɓen Lagwanin da Ya Dace da Kyandir ɗin Mazubi

Mai yin kyandir a gida yakan ɓata lokaci wajen zaɓen kaki da launi da turare, sai ya ɗauko duk zaren da ya samu ya sa a tsakiya, alhali lagwani ne ke yanke hukuncin yadda kyandir zai ci. Lagwani yana zuƙo narkakken kaki ta tsakanin silin zarensa zuwa sama, zafi ya mayar da kakin tururi, tururin nan kuwa shi ne yake ci da wuta. Idan ya zuƙo fiye da abin da wutar za ta iya cinyewa, sai hayaƙi ya tashi. Idan kuma ya gaza, sai wutar ta nutse a cikin kakin da ta narkar.

Kyandir ɗin da aka zuba a mazubi aka ciro yana da wata matsala da na cikin kofi ba shi da ita, domin babu abin da zai tare narkakken kakin in ba jikinsa ba. Saboda haka abin da ake nema shi ne lagwanin da zai narkar da tsakiya, ya bar katangar kaki mai kaurin wajen milimita 6 zuwa santimita 1 a kewaye. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin aikin.

Abu na farko shi ne a auna faɗin mazubin daga baki zuwa baki ta ciki, domin faɗi ne ke nuna girman lagwani, tsawon kyandir ba ya cikin lissafi. Idan mazubin mai siffa ce, kamar fure ko dala ko ƙwallo, sai a duba inda kyandir ɗin zai fi daɗewa yana ci, a kuma karkata ga ƙaramin lagwani, don babba zai huda siririn wuri ya kwarara. Idan faɗin ya wuce santimita 10, gara a sa lagwani biyu ko uku matsakaita da a dogara ga ƙato ɗaya mai hayaƙi.

Daga nan sai irin kakin. Kakin farafin (wanda ake samu daga ɗanyen man fetur) da ake yin kyandir mai tsayawa da kansa da shi yakan narke tsakanin digiri 55 da 65 a ma'aunin Selshiyas, kuma idan ya narke ruwa-ruwa yake, yana hawa zare ba wuya. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, amma yana da kauri da danƙo, don haka yana buƙatar lagwanin da ya fi na farafin girma ko da faɗin kyandir ɗin ɗaya ne. Wanda ya sayi kakin zuma a hannun masu kiwon zuma ya tace shi da kyalle mai laushi fiye da sau ɗaya, domin ragowar zuma da dattin saƙa suna toshe lagwani, mutum ya yi ta zargin zare alhali laifin na kaki ne. Kakin waken soya kuwa yana da taushi, ya fi dacewa da kofi, sai dai in an haɗa shi da mai tauri.

Lagwani iri biyu ne suka fi dacewa da wannan aiki, dukkansu na auduga. Na farko shi ne mai shimfiɗaɗɗen kitso, wanda idan yana ci yakan lanƙwasa kansa zuwa gefen harshen wuta, inda zafi da iska suka fi yawa, sai bakin ya ƙone ya zama toka ba tare da an yanke shi ba. Ana sayar da shi bisa yawan silin da ke ciki, kamar 15, 18, 24, 30 da 36, kuma lamba mafi girma ita ce mafi kauri. Shi ya fi kyau ga siraran kyandir da matsakaita na farafin. Na biyu shi ne mai kitso na kusurwa huɗu, wanda ya fi ƙarfin tsayawa, ya kuma fi iya jan kaki mai kauri, shi ya sa masu aikin kakin zuma suka fi son sa. Lambobinsa suna rikita sabon shiga: daga 6/0 zuwa 1/0, girma yana ƙaruwa ne yayin da lambar farko ke raguwa, bayan 1/0 kuma sai 1, 2, 3 zuwa sama.

Akwai kuma lagwani mai waya ko takarda a cikinsa, wanda aka yi domin kyandir ɗin kofi inda kaki ke narkewa gaba ɗaya, kuma ba kasafai ake buƙatarsa a mazubi ba. Idan za a saya, a tabbatar wayar ba ta dalma ba ce, domin hayaƙinta guba ne, musamman ga yara, har Amurka ta haramta irinsa a 2003. Zaren nailan narkewa yake yi, lagwanin fitilar ƙwai an saƙa shi ne domin kananzir, zaren auduga murɗaɗɗe kuma yakan warware ya yi hayaƙi. Na kamfani ana jiƙa shi da wasu sinadarai da ke rage saurin ƙonewarsa, kuma a ganina kuɗinsa bai kai asarar kakin da mummunan zare zai jawo ba.

Jadawalin da masu sayarwa ke bayarwa, mai nuna lambar lagwanin da ta dace da kowane faɗin kyandir, mafari ne kawai, domin launi mai yawa da turare suna sauya yadda kaki ke hawa zare. Hanyar da ba ta yaudara ita ce gwaji. A ɗauki girman da jadawali ya nuna, da wanda ke ƙasa da shi, da wanda ke sama, a zuba kyandir uku daga kaki ɗaya a mazubi iri ɗaya. Kafin zubawa, a tsoma kowane lagwani a narkakken kaki har kumfa ta daina fitowa, a miƙe shi ya sandare. A zura shi ta ramin gindin mazubin, a toshe ramin sosai, a ɗaure ɗaya bakin a jikin tsinken da aka gitta a sama, a ja shi ya miƙe a tsakiya daidai. Lagwanin da ya karkace zai cinye gefe ɗaya komai kyansa.

A bar kyandir ɗin ya kwana biyu, a datse lagwanin a bar tsawon milimita 6 kawai, a kunna a inda babu fanka ko iskar taga, a kan faranti, kuma kada a bar wurin. Ƙa'idar ita ce a bar shi yana ci awa ɗaya ga kowane santimita 2.5 na faɗi, ba tare da an wuce awa 4 a zama ɗaya ba.

Yanzu sai a zuba ido. Idan harshen wutar ya yi tsawo yana rawa, baƙin hayaƙi na fita, kan lagwanin ya tara dunƙulen gawayi, ko katanga ta fashe kaki ya gangaro, lagwanin ya yi girma. Idan wutar ƙarama ce tana lumshewa, tana haƙa rami a tsakiya kamar rijiya, ta bar kaki mai kauri a gefe, ya yi ƙanƙanta. Wanda ya dace yana ba da harshe tsayayye mai tsawon santimita 2 zuwa 4, narkakken kakin yana faɗaɗa a hankali. Kada a yanke hukunci a kunnawar farko; a bari ya huce, a datse, a sake kunnawa har a kai rabin kyandir ɗin, domin da yawa sukan fara da kyau su lalace daga baya.

Yanayi ma yana da tasiri. Kyandir ɗin da ya ci lafiya lau a sanyin hunturu zai iya kwarara a zafin Afrilu, lokacin da kakin ya riga ya yi laushi tun kafin a kunna, don haka mai yi don sayarwa ya gwada a lokacin zafi. A rubuta sakamakon kowane gwaji a littafi: faɗin mazubi, irin kaki, yawan launi da turare, da lambar lagwani. Duk ranar da aka sauya ɗaya daga cikinsu, ko aka sayo kaki daga wani hannu, sai a sake gwajin daga farko.