Yadda za ka bambance chimborazo da estella, ƴan tsuntsayen tsaunukan Andis

Waɗannan ƴan tsuntsaye ne masu shan ruwan fure, dangin hummingbird, jinsin Oreotrochilus, suna zaune can saman tsaunukan Andis na Kudancin Amurka inda iskar shaƙa ba ta da yawa kuma sanyi ba a magana. Girmansu kusan ɗaya, wajen santimita 13, nauyi kamar giram 8, shi ya sa a hoto sai ka rantse tsuntsu ɗaya ne.

To kafin ma ka tsaya kallon gashi, fara bincika ina aka gan shi, don ba sa haɗa ƙasa. Shi chimborazo ɗan Ekwado ne, ya ɗan leƙa kudancin Kolombiya, daga mita 3,500 har sama da 5,000, wuri mai danshi da hazo. Estella kuwa sai ka gangara kudu, Peru, Bolibiya, arewacin Chile da Ajantina, inda tsaunin ya bushe. Wannan kaɗai ya raba gardama.

In ba ka san wurin ba sai ka nemi namiji ka kalli kansa. Na Ekwado kamar an kifa masa hula ce mai launin shunayya tun daga ƙeya har wuya, in rana ta doke ta sai sheƙi, amma a inuwa baƙi za ka gani, kar ka yi saurin yanke hukunci, jira ya juyo. Estella kansa ruwan ƙasa ne kawai, adonsa a maƙogwaro yake, kore shar da baƙin layi a ƙasa. Sai dai fa a kula, na Ekwado waɗanda ke kewayen dutsen da ake kira Chimborazo su ma suna da ɗan kore a maƙogwaro cikin hular, nan mutane ke faɗawa. Shi ya sa ni na fi yarda da ciki: duka biyun fari ne, amma zanen da ya ratsa tsakiya baƙi ne a na Ekwado, ja-ja a estella.

Matan kam duk dishi-dishi ne da ɗige-ɗige a wuya, kar ka wahalar da idonka, koma kan wuri.

Halinsu ba zai taimaka ba, duka sun fi son su maƙale a jikin fure su sha maimakon shawagi, da dare kuma su shige kogo ko tsagar dutse jikinsu ya yi sanyi ƙalau kamar sun suma har gari ya waye. In a Ekwado kake, nemi furen chuquiraga mai ruwan lemo ka zauna shiru kusa da shi, zai zo.